Motar da Ba Mu Yi wa Fenti Ba

Kurudu, Abuja

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba da ɗansa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kodayake na ji muryarka a tsakar gida da safe kana tsokanar ƙannenka, na san lafiyarka ƙalau. Allah Ya tsare min kai a gida da hanya, Ya sa wannan ƙaura da za ka yi zuwa Uke ta zama mafarin arzikinka, Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai cikin mutanen kirki.

Za ka yi mamakin uban da ke gida ɗaya da ɗansa amma ya rubuta masa wasiƙa. Na gwada yi maka maganar nan da baki, ba ta yiwu ba. Da na fara sai muryata ta hau sama, kai kuma sai idonka ya sauka kan waya, mu tashi kowa da fushinsa. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba mamanka ta miƙa maka. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke min hukunci.

Maganar a kan motarka ce. Da farko dai na yaba maka. Ka gama jami'a a Gwagwalada, ba ka tsaya zagayen ma'aikatu da takardu a hannu ba, ka je gwanjon tsofaffin motocin soja ka sayo akori-kura da guminka, ka ce za ka yi jigilar kayan gona daga ƙauyukan Uke zuwa Abuja. Ka zaɓa da kyau, injinta lafiyayye ne. A garejina ka gyara ta, ban sa maka baki ba. Sai shekaranjiya Baba Isiyaku, mai yi mana fenti, ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce min ya buɗe gwangwani zai fara aiki, ka tare shi ka ce, "Baba, a bar min ita da koren nan nata. Hanyar Keffi shinge ya yi yawa, da wannan kalar ba mai tsayar da ni. No wahala." Ya ce shi kuwa sai ya rufe gwangwaninsa.

Kai ka taso ka ga Baba Isiyaku da ƙafa ɗaya da sanda. An ce maka hatsarin mota ne, kuma ba ƙarya aka yi maka ba. Abin da ba a gaya maka ba shi ne motar tawa ce, ni ke tuƙi, kuma koriya ce irin taka. Zan ba ka labarin daga tushe, domin kuskuren ba guda ba ne, ɗaya ne ya riƙa haifar ɗaya.

Lokacin da na zo Abuja, ita kanta Abujar ba ta iso ba. Daji ne da duwatsu da katafiloli. Farar hula sun karɓi mulki, kuɗi na yawo a gari, duk wanda ka gani ko ɗan kwangila ne ko mai neman zama ɗan kwangila. Ni sitokifa ne, mai kula da sito, a wani kamfanin gine-gine, na baro Zariya da ƙaramin akwati da babban kai. Isiyaku shi ne bakaniken kamfanin, mutumin Katsina, ɗakinmu ɗaya a Karu, tukunyarmu ɗaya. Muka lura leburori sun cika wurin amma abinci bai wadata ba, ga doya can a ƙauyukan bayan Gwagwalada tana jiran mai ɗauka, hanyar kuwa ba ta ƙaramar mota ba ce. Ana haka muka ji za a yi gwanjon motocin da soja suka gama da su a Kaduna. Isiyaku na bakin aiki, ni kuma ina ganin ai na san mota tunda ina raba kayan gyaranta a sito, sai na tafi ni kaɗai.

A filin gwanjon wani dillali, Bayerabe mai fara'a, ya kama hannuna ya kai ni gaban wata akori-kura mai ja da ƙafa huɗu. Ya ce, "Oga, duba mita. Wannan mota bai yi tafiya ba sam, barci kawai yake yi a bariki. Sabo ne, wallahi." Na leƙa mita na ga gaskiyarsa, ba ta ci hanya ba. Ban ƙara duba komai ba. Ban durƙusa ba ma, saboda farar shadda ce a jikina kuma mutane na kallo. Aka buga ƙararrawa, mota ta zama tawa, na dawo Karu ina jin kamar na yi wa duniya wayo.

Kuskurena na farko ke nan. Motar da ta shekara da shekaru a tsaye tana tsufa ta inda ido ba ya kai. Ƙarfenta na nan, amma duk wata roba da ke jikinta ta bushe ta zama kamar busasshiyar fata. Mun canza tayoyi, mun canza tiyoyin da ke cikin inji tunda suna gabanmu. Tiyoyin birki da ke can ƙasa kuwa laka da fenti sun rufe su, suka yi kyau a ido. Isiyaku ya ce a nemo sababbi a Kaduna, na ce lokacin doya na wucewa, a bari sai mun yi sawu kaɗan. Shi ma bai dage ba, dukanmu muna ɗokin fita. Don haka ka ji daga bakin wanda ya gani: duk motar gwanjo da za ka saya nan gaba, ka cire rigar adonka ka kwanta a ƙarƙashinta da kanka, ka canza kowace roba ko da ta yi maka murmushi. Jiya da ba ka nan na leƙa ƙarƙashin taka, na tarar tiyoyin birki na baya tsofaffi ne, na sa an canza su. Kada ka yi wa kowa faɗa, ni na sa.

Daga nan muka shiga gyara ta don aikinmu. Muka cire bencinan baya da sojoji ke zama, muka kwance tamfol da ƙarafansa, kafinta ya ɗaga mata bodi da katako har ya wuce kan direba. Da muka yi lodin farko sai bayanta ya durƙusa. Na je wurin masu kayan tsofaffin manyan motoci na sayo ƙarafan sifirin, aka ƙara mata. Ka ga mota ta miƙe tsaye, ko nawa aka zuba mata ba ta nuna gajiya. Mutane suka riƙa zuwa kallo, ni kuwa ina bayani kamar ni na ƙera ta.

Ban gane abin da na yi ba sai daga baya. Da can idan lodi ya wuce ƙima motar na durƙusawa, wato tana gaya maka ya isa. Da muka ƙara sifirin sai muka toshe mata baki. Birkinta kuwa yana nan yadda aka yi shi, na ɗaukar 'yan sojoji da jakunkunansu, ba na tudun doya ba. Na san kai ma ka ƙara wa taka sifirin, ban hana ba, hanyoyin ƙauye na bukata. Amma ka riƙa lodi da abin da birki zai iya tsayarwa, ba abin da baya zai iya ɗauka ba. Manomi zai roƙe ka ka ƙara masa buhu, dillali zai ce ai motar soja ce ba ta jin komai. Ka ce musu gobe ma rana ce, za ka dawo.

Yanzu sai maganar da ta sa na ɗauki biro. Ba wai mun yi niyyar barin ta koriya ba ne. Mun sayi fenti, shuɗi, gwangwanayen na ƙarƙashin gadon Isiyaku. An canza mata lamba zuwa ta farar hula, takardu sun cika. Sai wata Juma'a muka ce bari mu gwada ta zuwa Gwagwalada kafin a yi fentin. Muka iso wani shinge, na fara rage gudu ina laluben takardu, sai na ga an janye itacen da sauri, mai tsaron ya ƙame ya sara mana. Muka wuce. Da muka yi nisa Isiyaku ya fashe da dariya har yana dukan ƙofa, yana cewa, "Ranka ya daɗe, Manjo Lawal! Yau ka ga girma!" Ni ma na yi dariya har hawaye. A shinge na gaba ban ko rage gudu ba.

Da muka dawo ya ce gobe zai fara goge ta da samfefa. Na ce a bari sai bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce, gwangwanaye na nan suna tara ƙura. A bayan kujera na tsinci wata tsohuwar rigar kaki da aka manta, na wanke ta, na ce saboda sanyin safiya nake sawa, amma har da rana tsaka tana jikina. Na sayi baƙin tabarau. Ban taɓa buɗe baki na ce ni soja ba ne, kuma da wannan nake lallashin zuciyata idan na zo salla. Amma na san abin da mutane ke gani, kuma ina jin daɗinsa. Ba zan ɓoye maka ba, yana da daɗi ƙwarai. Talaka ɗan talaka a janye masa shinge, manyan motoci su kauce masa, wannan abu ne mai shiga kai, kuma na ga alamarsa a idonka ranar da ka dawo daga gwajin taka.

A ƙauyuka ma abin ya yi min aiki. Manoma ba sa ja da ni a ciniki. Abin da na faɗa shi ne, su loda min da hannunsu, su yi min godiya. Na ɗauka iya ciniki ne gare ni. A lokacin kuwa ana ta raɗe-raɗin za a tashi ƙauyukan Gbagyi saboda ginin sabon birni, ba wanda ya san na wa za a fara, kowa a tsorace yake. Akwai wani ɗan ƙauye a gindin dutse, kan hanyarmu, kafin a gangara rafi. Kullum ta tsakiyarsa nake ratsawa da gudu ina danna hon, kaji da yara na watsewa. Ban taɓa tsayawa na ce sannunku ba. Wata rana taya ta yi faci a kusa da su, wani dattijo ya matso a hankali, ya cire hularsa, ya ce, "Oga, don Allah, yaushe za a tashe mu? Mun riga mun shuka." Nasiru, kalma kaɗan ta isa. Da na ce masa, Baba, ni ɗan kasuwa ne, doya nake saye, da shi ke nan. Amma sai na gyara tabarau na ce, "Ana kan dubawa." Dattijon ya koma da hularsa a hannu. Har yau idan na tuna fuskarsa kunya ce ke kama ni.

Ka riƙe wannan. Idan mutum ya ba ka hanya don yana tsoronka, bai ba ka komai ba, nisa ya yi da kai. Kuma duk wanda ya tambaye ka ko kai wane ne cikin fargaba, ka gaya masa gaskiya nan take, ko da gaskiyar za ta rage maka kwarjini.

Ranar da abin ya faru farkon damina ne, bayan la'asar, an ɗan yi yayyafi ƙasa ta yi santsi. Mun yi lodin doyar ajiya har ta wuce katako, Isiyaku na gefena. Muka ratsa ƙauyen nan kamar kullum, muka fara gangara zuwa rafi. Na taka birki sai ƙafata ta tafi har ƙasa, babu komai. Na sake takawa, babu. Tiyon baya ne ya fashe. Na nemi in sa ƙaramar giya, nauyi ya riga ya fi ƙarfina. A kwanar da ke gab da rafin motar ta kwanta a gefen Isiyaku. Ya yi ƙoƙarin tsalle, bai kai ba, bodin ya danne masa ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa. Ni na fito ta taga, ko ƙwarzane ban samu ba.

Na sa kafaɗa na tura, ko motsi. Jak ɗinmu na can ƙarƙashin doya da laka. Abin da ake bukata hannuwa ne kawai, maza su taru su ɗaga gefe guda a jawo shi. Ga ƙauye nan a saman gangara, ana jiyo dakan mata. Isiyaku ya ce, "Lawal, je ka kira mutane, yi sauri." Na hau da gudu ina ihu, rigar kaki a jikina, ban ko tuna da ita ba.

Abin da suka gani shi ne motar sojan nan ta tsaya a bakin rafinsu, ga mai kaki ya nufo su a guje yana ɗaga hannu yana kururuwa. Suka ce ranar da ake dubawa ta zo. Kafin in isa, gari ya watse. Na tarar da tukwane a kan wuta, turmi da taɓarya a yashe, akuya na cin hatsin da aka shanya. Ina hango su suna hawa dutse, mata da goyo, maza na jan tsofaffi. Na yi kira da Hausa, na yi da Turanci, na ce hatsari ne, na ce don girman Allah. Duk takun da na yi wajensu sai su ƙara sama. Na cire rigar na jefar, na tsaya da singileti ina kuka kamar yaro, amma daga kan dutse ba a ganin hawaye. Sojan gaske bai taɓa yi wa mutanen nan komai ba. Ni ne na yi ta ciyar da tsoronsu kullum da hon da tabarau, ranar da na nemi su matso kuma ya hana su.

Na koma wajen Isiyaku, na tona laka da hannu har farcena suka kakkarye. Na sake hawa ƙauyen, na sake dawowa. Hanyar ba ta da motoci, wata rana ma mu kaɗai ke bin ta. Rana na ta yin ƙasa, muryarsa ma na yin ƙasa. Da farko salati yake yi, daga baya sai ya koma kiran mahaifiyarsa, "Inna, Inna," mutumin da ya girme ni.

Wata tsohuwa ce Allah Ya kawo. Daga gona take, da itace a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka, ba ta san abin da ya faru a gari ba. Ta tsaya daga nesa tana kallonmu, ta saurara, sannan ta sauke itacen ta matso. Ta duba ƙafar, ta dube ni, ta juya wajen dutse ta ƙwala kira da yarensu. Ban san me ta ce ba, amma sai ga maza na gangarowa. Suka watsar da doyar, suka sa kafaɗa, cikin ɗan lokaci motar ta ɗagu muka jawo shi. Abin bai fi ƙarfinsu ba ko kaɗan. Dattijon nan mai hula yana cikinsu. Ya gane ni, ya ce, "Ashe kai ba soja ba ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba? Mu mun ji motan ya faɗi tun ɗazu. Da mun sani ai da mun zo." Ba da fushi ya faɗa ba, tambaya yake yi da gaske.

Su suka ɗauke shi a kan ƙyauren ɗaki, suna karɓa-karɓa, har babban titi. A asibiti likita ya ce karayar ba ita ce matsala ba, daɗewar da ƙafar ta yi a danne ce ta kashe ta. Ya ce da an zo da wuri da an ɗora. Aka yanke.

Da aka sallame shi na riga na sa an jawo motar zuwa Karu, tana bayan ɗaki a lotse. Ina so in sayar da ita ga masu gwangwan, ba na son ko ganinta. Wata safiya na fito na tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya, sandarsa a gefe, ya jawo gwangwanayen nan daga ƙarƙashin gado, yana shafa mata shuɗi da buroshi. Na ce, "Isiyaku, motar da ta mutu kake wa fenti?" Ya ce, "Za ta tashi. Amma ba za ta ƙara fita a haka ba." Ta kuwa tashi, da ita muka fara wannan sana'a. Kamfani ya sallame shi saboda ba ya iya shiga ƙarƙashin manyan motoci, ni ma na ajiye aikin sito, muka koma sayen motocin gwanjo muna gyarawa muna sayarwa. Tun daga lokacin duk motar da ta shigo garejin nan, fenti ake fara yi mata kafin a taɓa inji. Abokan sana'a na yi mana dariya, wai muna aiki a baibai, makanikai za su ɓata fentin da baƙin mai. Gaskiyarsu, suna ɓatawa, mu sake shafawa. Taka ce ta farko da na bari aka karya wannan ƙa'ida, saboda kai ka saye ta kuma ba na son a ce na danne ka.

Akwai wani kuskuren kuma, kuma shi ya fi daɗewa. Na yi shekaru ban ce masa ya yafe min ba. Na kama masa gida, na tsaya a aurensa, buhun da ya shiga gidana irinsa ya shiga nasa, ina ganin hakan ya wadatar. Amma ba na iya haɗa ido da shi idan yana hawa matakalar masallaci. Sai bayan an haife ka, muna zaune a inuwar gareji, na yi ta maza na ce, "Isiyaku, ni na hana a sayo tiyon nan, ni na hana fentin. Ka yafe min." Ya daɗe yana juya fenti da tsinke, sannan ya ce, "Ni ma ai na yi dariya a shingen nan, Lawal. Na yafe tun a asibiti. Jira nake ka tambaya, don kai ma ka huta." Ranar na ji nauyi ya sauka daga ƙirjina, na kuma ji haushin shekarun da na ɓata. Idan ka cuci mutum, alheri ba ya maye gurbin ban haƙuri, ka faɗa da bakinka da wuri. Ka fara da Baba Isiyaku, domin yadda ka tare shi a gaban ma'aikata bai yi daɗi ba, kodayake ba ka san abin da kake takawa ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce zamani ya canza, yanzu akwai waya, akwai motoci a hanya, ba a tashin kowa a Uke. Za ka ce tsayawa a shinge na cin lokaci, tumatir na lalacewa a rana. Duk na yarda, ni ma ina tsayawa, ina jin zafinsa. Ka san kuma hukuma ba ta yarda farar hula ya yi yawo da launin soja ba, ranar da ka gamu da sojojin gaske za ka yi bayani, amma ba da wannan nake so in tsorata ka ba. Abin da nake gani shi ne za ka tafi inda ba ka da kowa. Bayan kwalta hanyoyin na laka ne, akwai rafuka, akwai wuraren da waya ba ta kamawa. Motar nan tsohuwa ce, komai gyara wata rana za ta tsaya da kai, ko ta kafe, ko abin da ya fi haka, Allah Ya kiyaye. A ranar babu ni, babu garejin nan. Sai mutanen da ke bakin hanya, da abin da suka sani game da kai. Ina so idan sun hango motarka su ce ga Nasiru mai ɗaukar kaya, ɗan Kurudun nan, su taho. Ka riƙa tsayawa kana gaisuwa, ka rage wa tsohuwa hanya, ka koyi sannu da yarensu, ka bari su ja da kai a ciniki har ka ji haushi.

Motar taka ce, ba zan ɓoye makulli ba, ba zan sa a shafa mata komai a bayan idonka ba. Amma akwai abin da ba ka sani ba tukuna. Jiya Baba Isiyaku ya ce min ranar Asabar shi zai raka ka Uke, ya ga inda za ka zauna, ya damƙa ka a hannun wani ɗan'uwansa da ke can. Na ce masa motar fa har yanzu koriya ce. Ya ce, "Na sani. Ɗana ne, ba zan bar shi ya tafi shi kaɗai ba." Tun ranar rafin nan mutumin nan bai ƙara zama cikin koriyar mota ba, ko a gareji idan aka kawo su, daga waje yake tsayawa har sai ya rufe launin. Yanzu ya ce zai hau taka, saboda kai. Zai hau kuwa, na san shi, zai miƙa maka sandarsa ka sa a baya, ya ja jikinsa ya zauna a gefen da ya zauna a tawa, ba zai ce maka uffan ba.

Ni ne ba zan iya tsayawa a ƙofar gida in ga haka ba. Na ɗora shi a irin wannan motar sau ɗaya, na ga abin da ya biyo baya. Ina roƙonka, ni ubanka, kada ka ɗora shi karo na biyu. Yau Talata ce, idan aka fara gobe da safe fenti zai bushe kafin Asabar. Ka zaɓi launin da kake so, ka je ka same shi da kanka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin girman kai. Allah Ya haɗa ka da masu taimako a inda ba ka zata ba, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mamanka na gaishe ka, ta ce kada ka manta da yajin da ta daka maka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Lawal